Shafaffen Cokali

Duk faɗin unguwar New Bell ta Douala ba za ka samu mutum ɗaya da zai rantse ya taɓa ganin Baba ya ci abincin wani gida ba. Malam Halilu tela, ubana, sama da shekara arba'in bai sa wa cikinsa abin da ba hannun Inna ne ya haɗa ba. A gayyace shi suna ko ɗaurin aure, zai je, ya shafa fatiha, ya karɓi goro ya jefa a aljihu, ya dawo gida ya ce, "Hadija, me kika ajiye mini?" Shi dai cewa yake tun yana saurayi aka taɓa zuba masa wani abu a abinci a bakin tashar jirgin ruwa. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, oho. Ni nan Rakiyatu, 'yarsa ta cikinsa, da na yi aure na dafa na kawo masa a kwano sabo fil, sai ya yi ta sa mini albarka har da ƙwalla, ina fita ya aika wa maƙwabta da kwanon.

Ita kuwa Inna, folere take sayarwa a ƙofar gida, abin da mutanen Najeriya ke ce wa zoɓo, kuma hannunta bai san kaɗan ba. Ba ta da ma'auni. In ta ɗebi suga da ludayi sai ya yi tozo yana zuba ta gefe, ta kuma ƙara don kada a ce. A wurin Inna, tsinkakken shayi zagi ne, kuma matar da ke shafe bakin cokali ba ta son mijinta. Haka ta taso, haka ta tashe mu.

Ni malama ce, ina koyar da ilimin halittu a wata makaranta, ina zaune a unguwar Village da mijina. Inna ba ta kirana sai da "Madam", kuma ba don girmamawa ba.

A watan Agusta abin ya faru, lokacin da ruwan Douala ke sauka kamar ba zai bar na gobe ba. Da safe ƙanena Bashiru ya bugo mini waya. Ya ce Baba na gudawa tun shekaranjiya, jiya sun kai shi ƙaramin asibitin unguwa an ba shi magani, amma yau ko zama ba ya iyawa. Na ce, "Shi ne sai yanzu kake gaya mini? Bashiru, kana da hankali kuwa?" Ban jira amsarsa ba na zari mayafi.

Ɗan bensikin, wato mai babur ɗin haya, ya sauke ni tun kafin kasuwa, ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shiga ba. Na tattare zani na shiga ruwa har gwiwa, ledoji da ɓawon ayaba suna bi ta ƙafata. A bakin lungunmu na yi karo da Bashiru zai fita neman motar da za ta yarda ta shigo. Ya ce Baba ba zai iya zama a kan babur ba, kantin maganin unguwa kuma a rufe yake, ruwa ya cinye shi. Sai dai a jira ruwan ya janye.

Na shiga ɗaki. Baba na kwance a kan gado, idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na kama fatar bayan hannunsa na ɗaga na saki, ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa. Na tambayi Inna yaushe rabonsa da fitsari. Ta kawar da kai don kunya, ta ce tun jiya da rana.

"Ina maganin da aka ba ku?"

Ta nuna mini ƙaramin jug a kan teburi, har da ɗan alfahari a fuskarta. Ta ce nas ɗin ta ba su ƙunshi uku na garin gishiri da suga, wai kowanne a zuba a lita guda ta ruwa. Ta haɗa na farko yadda aka ce, ta ɗanɗana, ta ji salam.

"Mutum na kwance rai a hannun Allah, a ce in ba shi ruwan wanke kwano? Sai na juye sauran biyun a ciki, na rage ruwan don ya yi ƙarfi. Da gishirin ya fito da yawa na kashe shi da suga, na ɗan sa zuma. Kuma ya sha, wallahi bai bar mini ko kaɗan ba sai wannan."

Na tsoma yatsa na lasa. Kai! Harshena ya manne. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma da ƙarfi ta fito, har matan da ke haya a gidanmu suka ji.

"Inna, kashe shi za ki yi? Wannan abin ne ke tsotse masa ruwan jiki!"

Ta dube ni, ta dubi jug ɗin, ta dubi mijinta, sannan ta juya ta fita a hankali. Na ji ba daɗi, amma a lokacin ba ta ita nake ba. Na dafa ruwa, na fifita ya huce, na cika kwalbar lita guda, na auna suga cokalin shayi shida shafaffu da rabin cokali na gishiri, na girgiza. Na tallafo kan Baba na kai kofi bakinsa.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Wa ya haɗa?"

"Ni ce, Baba. Rakiya."

"Allah ya yi miki albarka." Ya mai da fuskarsa bango.

Na roƙe shi, na yi masa magiya, na haɗa shi da Allah da Annabi. Na ce, "Baba, ni fa 'yarka ce, me zan zuba maka?" Ya ce ya sani. Ya ce in kira masa Hadija. Tsohon nan da ba ya iya ɗaga hannunsa, ya datse haƙoransa gam, ko ɗigo ya ƙi bari ya wuce. Wallahi na ji kamar in fasa ihu. Ga magani a hannuna, ga ubana yana bushewa a gabana, kuma taurin kai na shekara arba'in ya tsaya a tsakani.

Na sami Inna a kicin, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗora hannayenta a cinya tana kallonsu. Ruwan waje na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana zagaye ƙafafunta, ko bokitin kwarfa ba ta taɓa ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Na ce ta taimaka ta karɓi kwalbar nan ta ba shi da hannunta, ta ce masa ita ta haɗa.

"Ban taɓa yi masa ƙarya a kan abin da zai sa a baki ba, ba yau zan fara ba." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kuma hannun nan ba zai ƙara haɗa masa komai ba. Kin ce kashe shi nake yi."

"To ki haɗa sabo, ni in nuna miki awon."

Ta karɓi kwalbar ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Wannan? Wannan ne zai ta da mutum? Madam, kin ce nawa guba ne, na ji. Amma naki ma ba komai ba ne. Ba zan tsaya a kansa in ba shi abin da ban yarda da shi ba."

Nan na gane ba rigima take ba, tsoro ne ya cika ta, kuma umarni ba zai motsa ta ba. Sai dai in ta fahimta da kanta. Ni kuwa shekara fiye da goma ina tsaye gaban allo ina koyar da wannan darasin, yadda abubuwa ke ratsa tantanin ƙwayoyin jiki, wanda ke wucewa da kansa da wanda sai an tura shi. Amma da Faransanci nake koyarwa. Na buɗe baki, kalmomin da suka zo duk na allo ne, ba ko ɗaya da Inna za ta iya riƙewa. Ban taɓa jin karatuna ya yi mini nisa da gida kamar ranar ba.

Idona ya faɗa kan kokwamba a cikin kwando. Na yanka biyu, na barbaɗa wa ɓari ɗaya gishiri mai yawa, na ajiye a gabanta a faranti. Na ce ta duba. Ba a jima ba ya fara zufa, ruwa na tsattsafowa yana gangarawa.

"Wa ya matse shi, Inna?"

"Ba kowa. Gishiri ne ya jawo ruwan. Wannan ai ko yaro ya sani, haka kifi yake yi in na sa masa."

"To hanjin mutum ma haka yake. Bangonsa wani tantani ne siriri, jini na ɗaya gefen, abin da aka sha na ɗaya gefen. Ruwa ba ya jiran a tura shi, duk gefen da gishiri ko suga ya fi kauri, can yake bi. In abin da ke cikin hanji ya fi jini kauri, ruwa zai baro jini ya koma hanji, daga nan kuma sai waje."

Ta daɗe tana kallon kokwambar.

"Innalillahi. Ashe gishiri na yi wa Malam kamar kifi."

Hawaye suka zubo mata, nawa ma suka biyo. Amma Inna ba ta da saurin sallamawa, ko tana kuka. Ta share fuska da gefen zani ta ce, in haka ne, me ya kawo gishiri da suga a maganar tun farko? A ba shi ruwa zalla mana.

Na ce ruwa zalla ba zai wadatar ba, don ba ruwa kaɗai ya zubar ba, har da gishirin jikinsa. Kuma a cikin ciwon nan yawancin ƙofofin da gishiri ke shiga ba sa aiki yadda ya kamata, amma akwai wadda take nan daram. Na tsaya ina neman yadda zan faɗa, sai na tuna ɗan bensikin nan da ke tsayawa a bakin kasuwa.

"Kin san Iro, wanda ba ya tashi da mutum ɗaya?"

"Wannan mai haɗamar? Sai ya loda biyu yake kunna babur."

"To ƙofar nan Iro ce. Ba ta ɗaukar gishiri shi kaɗai, ba ta ɗaukar suga shi kaɗai. Sai su biyun sun hau tare take wucewa da su ciki. Suna shiga, gefen jini ya fi kauri, ruwa ya bi bayansu da kansa. Shi ya sa ake sa duka biyun. Amma in suga ya fi babur yawa, ragowar na nan tsaye a hanji, su ma suna jan ruwa ta gefensu."

"In sun yi ta shiga, cikin ba ya cika?"

Ka ji tambaya! Ɗalibaina na ajin ƙarshe ba su cika yi mini ita ba. Na nuna mata ruwan da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce wannan da kansa yake shigowa, ba wanda ya biya shi. Amma fitar da shi fa?

"Sai da bokiti da ciwon baya."

"Haka kowace ƙwaya ta bangon hanjin take yi. Tana da nata bokitin, tana kashe ƙarfinta tana kwarfe gishirin ta ƙofar baya zuwa jini, ba dare ba rana, don kullum a sami wurin da wani zai shigo. Jikin Baba na can yana kwarfa tun shekaranjiya, Inna, bai gaji ba. Abin da yake jira kawai a aiko masa da su daidai."

Daga ɗaki muka ji Baba ya yi tari, wani busasshen tari mara ƙarfi. Inna ta miƙe tsaye.

"Kawo cokalin."

Ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta zubar da nawa haɗin, ta ɗauraye kwalbar ta cika da sauran dafaffen ruwan. Ta tsoma cokalin shayi a gwangwanin suga, ya fito da tozo kamar yadda ya saba. Ta tsaya tana kallonsa. Na ce, "A shafe, Inna." Ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Ta sa yatsa a bakin cokalin, ta shafe. Amma ba ta bar abin da ya zubo ya koma cikin sugan gida ba. Ta jawo wani wankakken gwangwanin madara ta tare shi a ciki.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Nasa ne. Hana shi na yi, ba yafe mini ya yi ba."

Sau shida tana shafewa, sau shida tana tarewa. Ta sa rabin cokali na gishiri, ta girgiza, ta ɗanɗana, ta girgiza kai kamar wadda aka sa ta yi abin kunya. Sannan ta ɗauki kwalba da kofi ta shiga ɗaki, ina bin ta a baya.

Ta zauna a bakin gado ta ɗora kansa a cinyarta, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabanmu ba. Ta ce, "Malam."

"Wa ya haɗa?"

"Ni."

Ya buɗe baki. Ta ɗura masa cokali ɗaya, ya juya shi a harshe, ya haɗiye. Ya ɗago ido ya dube ta.

"Hadija, yau kin yi mini rowa."

"Na yi. Sha."

Haka suka wuni. Cokali, a ɗan jira, cokali. Ya yi amai sau ɗaya, Inna ta dube ni a firgice, na ce a dakata kaɗan a ci gaba. Ni na koma kicin ina kwarfar ruwa, don ba ni da sauran aiki a ɗakin nan, kuma hannuna na bukatar abin yi. Da kwalbar ta ƙare ta fito da kanta ta haɗa wata, ba ta ko neme ni ba. Na leƙa na ga tana shafewa tana tarewa a gwangwaninta.

Bayan la'asar ruwan sama ya tsagaita. Ina cikin matse tsumma sai na ji Inna ta ƙwala mini kira, "Madam! Miƙo bokiti, ki tsaya a waje!" Na miƙa ta bayan labule. Jim kaɗan ta fito riƙe da shi, tana dariya tana kuka lokaci guda. Fitsari ne, ɗan kaɗan, ja wur. Wallahi ban taɓa murnar ganin abu irin haka ba. Na zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen zani na yi ta hamdala.

Kafin magariba Bashiru ya shigo da wata tsohuwar tasi da ta yarda ta kutso. A babban asibiti suka sa wa Baba ƙarin ruwa, kuma bai yi gardama ba, tunda ba ta baki ya bi ba. Muna zaune a benci a baranda ni da Inna. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ki gaya mini gaskiya. Da ba ki zo ba, da na kashe shi ko?"

Na so in ce a'a. Amma matar da ta ƙi yi wa mijinta ƙarya a kan kofin ruwa ba za ta karɓi tawa ba. Na kama hannunta, mai kaushin nan da jan folere ya rine.

"Allah ne ya sani, Inna. Abin da na sani, ni na zo da karatuna, Baba ya juya mini baya. Da ba ke, da yana nan kwance da maganin a gefensa."

Ba ta janye hannun ba.

Da aka sallamo shi na je gaishe shi da safe. Yana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame, hularsa ta yi masa yawa, yana ta faɗa wai an taɓa masa keken ɗinki. Inna ta kawo shayi ta ajiye a gabansa. Sai ta koma kicin ta fito da gwangwanin madarar nan. Ta tsaya a kan kofin, ta ɗago ta dube ni, ta ɗaure fuska tana jiran in yi magana.

Na san abin da suga mai yawa ke yi wa tsoho, ina da darasi guda a kansa. Na ɗauki cokali na miƙa mata.

Ta juye gwangwanin kaf, ta juya, ta tura masa. Baba ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu na dawo gida."